Hoton Mai Firji a Ƙofar Gidan Yari

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara, ya ƙara maka juriyar zaman ƙasar mutane, ya sa albarka a abin da kake nema. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana nan da gwiwarta. Ta yarda da sandar da likita ya ce ta riƙe, amma da sharaɗin ba a gaban baƙi ba, don haka da an yi sallama sai ka ji ƙarar sanda ta faɗa bayan kujera. Uwar yara ta samu sauƙin ciwon kan nan. Babbar 'yata ta fara aiki, har ta fara gyara mini magana a teburin cin abinci. Makaranta kuma tana nan yadda ka san ta: ni ina koyar da tarihi, yara suna koyar da ni haƙuri.

Za ka ce me ya kawo takarda a zamanin waya. Dalili shi ne idan na kira ka zan ɗaga murya, kai kuma za ka ce layi ba kyau, ka kashe. Takarda ba ta da layin da zai lalace. Ka nemi wuri ka zauna, ka karanta ta har ƙarshe. Na san karanta abu har ƙarshe ba ɗabi'arka ba ce, kuma a kan haka ma nake rubuto maka.

Ka tuna ranar da ka gano shafin nan na hukumar gidajen yari a intanet, wanda ake saka suna da hoton duk wanda aka shigar. Na san yadda abin ya kasance kamar ina ɗakin. Ka samu sabon abin wasa, ka fara buga sunayen dangi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba na shakka da nawa ka fara. Da ba ka same ni ba sai ka ci gaba, har ka iso kan Mai Firji, mijin Yaya, babbar yayarmu. Ga shi nan tsaye jikin bango, an rataya masa allo a ƙirji, ido ɗaya a ƙanƙance saboda hasken kyamara, a ƙasa an rubuta tuhuma: sata da karɓar kayan sata. Ba ka kira Yaya ba. Ba ka kira ni ba. Ka ɗauko hoton ka jefa a gurup ɗin dangi, ka rubuta a ƙasansa wai ya kamata mu riƙa bincike kafin mu ba mutum amana. Har da ɗan hoton nan na mai dafe haɓa yana tunani. Auta, gurup ɗin nan akwai mutanen da ni kaina ban san ta ina muka haɗa jini da su ba. Kafin la'asar hoton ya fita daga dangi ya shiga gari. Da Yaya ta kira ni, sai da na yi ta cewa ina jin ki, ina jin ki, don numfashi kawai nake ji.

Bari in gaya maka abin da bincikenka ya haifar, tunda daga can ba a hango shi. Mutumin nan sana'arsa ta shiga gidajen mutane ce. Ana buɗe masa kicin, a bar shi shi kaɗai da firji da duk abin da ke kusa da firji. Yanzu matan da ke aiko masa da mabuɗi su tafi aiki sun fara cewa firjin ya warke da kansa. Wannan duk mai sauƙi ne. Babban abin shi ne asibitin kuɗin nan na bakin babban titi, inda shekara da shekaru shi ke kula da firjin magani da na jini, har mabuɗin ɗakin ajiya yana hannunsa. Aikin nan ne ke riƙe da shagon, shagon ke riƙe da gidan, a gidan kuma Inna take kwana. Manaja ya kira shi, ya ba shi kujera, ya ce shi dai bai yarda ba, amma hoton ya shiga wayar mai asibitin. Ya ce ya kawo takarda daga kotu da za ta bayyana abin da ya faru kafin zaman shugabanni na ƙarshen wata, idan ba haka ba ya maido mabuɗi. Mai Firji ya ce to, ya yi godiya, ya fito.

Na je shagon na tambaye shi. Ya ce, Malam, abin da ya wuce ai ya wuce. Na tambayi Yaya, ta ce in tambaye shi. Raina ya ɓaci da su biyun. Ka san ni, ba na iya barci da littafin da aka yage shafinsa na ƙarshe. Sai na nemi uzuri a makaranta, na ce bari in yi abin da kai ba ka yi ba, wato in bi takardar da ƙafata.

Na fara da caji ofis. Kanta mai tsayi har ƙirji, benci ɗaya da ƙusa ta fito a tsakiyarsa, da fanka mai juya kai hagu da dama kamar tana ƙin abin da ake faɗa. Sajan ɗin da ke kanta ya tambaye ni wa na kawo ƙara. Na ce ba kowa, karatu na zo yi. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce a duk shekarunsa na aiki bai taɓa ganin wanda ya kawo kansa caji ofis karatu ba, sai dai idan gida ne ba zaman lafiya. Na ce ya kusa canka. Bayan an tura ni wurin wani, wani ya tura ni wurin wanda ya fita salla, aka ɗauko babban littafinsu na shige da fice. Layi ɗaya ne tak: an kamo wane bisa sammacin kotu, an miƙa shi. Na ce a kan me? Sajan ya ce, Malam, mu kamawa muke yi, takarda ta ce kamo mu kamo, ba ma zaunar da ita mu tambaye ta dalili.

Daga nan sai gidan yari. Ban taɓa tsayawa a ƙofar nan ba sai ranar. Ƙatuwar ƙofa ce, da 'yar taga a jikinta wadda ido biyu kawai ke leƙowa, ga mata a layi riƙe da kwanukan abinci, kowacce ta sunkuyar da kai don kada ta ga wadda ta sani. Aka kai ni ofishin rajista. A nan na ga bangon da ke cikin hotonka. Fari ne, an zana masa ma'aunin tsawo, kuma daidai inda ƙeyar mutane ke taɓawa ya yi baƙi. Gandiroban da ke kan kwamfuta mutum ne mai fara'a, ya yi mini bayani kamar mai nuna sabon gida. Ya ce duk wanda ya shigo a ɗauke shi hoto, a kwafi tuhumar da ke saman takardar da aka kawo shi da ita, kafin a tashi aiki ya hau shafi. Na ce to idan ya fita fa? Ya yi dariya ya ce fita ba a ɗaukar hoto. Na ce idan kotu ta wanke mutum ana sauke shi? Ya ce shafin na waɗanda suka shigo ne, shi kuwa ai ya shigo. A iya fahimtarsa dai bai yi ƙarya ba. Ya rubuta mini lambar shari'a a bayan wata tsohuwar ambulan, ya ce sauran labari sai kotu.

Ɗakin ajiyar fayil na kotu, Auta, da za ka gan shi da ka rage yarda da kwamfuta. Fayiloli ɗaure da zare tun daga ƙasa har silin, wasu ɓera ya riga alƙali yanke musu hukunci. Na cika takardar neman dubawa, na zauna, aka ce in dawo, na dawo, aka ce mai mabuɗi ya je asibiti, na sake dawowa. Daga ƙarshe akawu ya dire mini fayil a gabana, ya ce in duba a nan kada in cire ko allura. Na kwance zaren. Shafin farko sunayen waɗanda ake tuhuma ne, su uku. Na karanta, na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Babu sunan Mai Firji. Na biyu a jerin sunan babban ɗanka ne, Dogo, cikakke yadda aka raɗa masa, da naka sunan a bayansa.

Mai Firji sai can ciki na same shi, a takardar beli, a gurbin mai tsaya wa wanda ake tuhuma. An manna ɗan hotonsa na fasfo a kusurwa, yana murmushi.

Abin da fayil bai faɗa ba Yaya ta cike mini a kicin ɗinta, tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. Lokacin dogon yajin aikin jami'a, da Dogo ya zauna a gidanta, ya sayi kwamfuta a hannun wani abokinsa a farashin da ko jariri ya san ba na halal ba ne. Ashe daga wani ofis aka ɗauko ta. Aka kwashe su uku aka kai kotu. Alƙali ya ba da beli, amma sai mai shago ko mai gida tsayayye ya tsaya, idan ba a samu ba kafin a tashi a wuce da su gidan yari. Yaya ta ce Mai Firji ko hannu bai wanke ba, ya zari takardun shago ya hau babur. Ya iso motar gidan yari tana tsaye da injin a kunne. Ka ga dalilin da ya sa da ka buga sunan ɗanka a shafin nan, idan ma ka buga, ba ka ga komai ba. Bai kai ga farin bangon ba, saboda wani ya iso da baƙin mai a hannu kafin a rufe ƙofar mota.

Sai ga tikitin jirgi da takardar shiga makaranta ka aiko wa Dogo, ka ce ya taho maza kada gurbi ya wuce. Dogo ya ce musu ai an sasanta da mai kayan, magana ta mutu. Suka yarda, suka raka shi filin jirgi, Mai Firji ne ma ya ɗauki babbar jakar. Ranar zama ta zo, aka kira Dogo, Dogo yana can yana turo mana hoto cikin rigar sanyi. Aka sake kira a zama na gaba, shiru. Alƙali ya ce a kamo mai beli. A shago suka same shi, ya buɗe bayan firjin wata mata, ya roƙe su su bari ya mayar da murfin kada yara su taɓa waya. Takardar kamun kuwa tana ɗauke da kan shari'ar, wato sata da karɓar kayan sata, shi gandiroba mai fara'a ya kwafa. Ya kwana a can kwanakin da Yaya ta ƙi faɗa mini adadinsu. Inna aka ce mata ya tafi aikin ɗakin sanyi a wani gari. Daga baya mai kwamfuta ya karɓi kayansa ya janye ƙara, alƙali ya kori shari'ar, ya sallami mai beli, ya rubuta da hannunsa cewa babu wani laifi a kansa. Na ga rubutun. Mai Firji ya dawo gida ya yi wanka, ya sa Yaya ta rantse ba za ta gaya maka ba, wai yaro ya fara karatu kada a tayar masa da hankali, kai kuma kana da hawan jini.

Hawan jininka, Auta. Shi aka yi ta lallaɓawa, kamar ƙwai a cokali, kana can kana buga sunayen mutane.

Na nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, aka ba ni. Na fito ina tafiya kamar wanda ya ci yaƙi, na wuce shago kai tsaye na miƙa masa, na ce ga abin da manaja yake nema, tashi mu tafi. Ya goge hannu a tsumma, ya karɓa ta gefe don kada ya ɓata ta, ya karanta a hankali yana motsa leɓe. Sai ya ninke ya maido mini. Ya ce, Malam, sunan yaron yana ciki. Na ce ai dole, shari'arsa ce. Ya ce takardar nan idan ta shiga ofishin manaja za a kwafe ta, wanda zai kwafa yana da waya, kuma mun ga yadda hoto yake tafiya a garin nan, yau yana nan gobe yana ƙasar da yaron yake, a teburin masu makarantarsa ko masu ba shi izinin zama. Ya ce, ni an riga an gan ni, shi ba a gan shi ba. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa wanda ya girme ni ba. Na ce masa wannan ba kirki ba ne, wauta ce ta sa babbar riga. Na ce idan mabuɗi ya tafi da me zai ciyar da gida, da yabon da ba wanda zai yi masa? Na ce Dogon da yake karewa ya ga hoton a gurup kamar kowa, kuma ko tari bai yi ba. Wani da ya kawo gyara yake jira a shagon ya tashi ya fita don kunya. Shi kuwa ya ci gaba da hure ƙura daga jikin injin da ke gabansa. Da na gaji, sai ya ce yaron ba nasa ba ne da zai tona, yana da uba. Kuma ya ce in yi masa alkawarin ba zan saka takardar a gurup ba, ba kuma zan kai ta asibiti a bayan idonsa ba. Na yi, don ya riƙe mini hannu bai saki ba sai da na yi. Amma bai ce kada in rubuta wa uban ba. Ina jin bai yi zaton akwai mai rubuta wasiƙa a duniya har yanzu ba.

Ban ce ka san wannan duka ba lokacin da ka saka hoton. Na san ba ka sani ba. Abin da ke ci mini rai ke nan. Ba ka sani ba, kuma rashin sanin bai sa hannunka ya yi nauyi ba. Ka ga layi ɗaya daga tsakiyar labari ka yanke hukunci, ka kira shi bincike. Ɗalibin da ya kawo mini irin wannan aiki jan biro nake zana masa tun daga sama har ƙasa. Ko da ma a ce satar ya yi, mijin yayarka ne. Shi ke ɗaukar uwarka a baya ya sauko da ita matakala ranar asibiti. Akwai lambarsa a wayarka. Da ka kira shi ka ce, Mai Firji, na ga wani abu, me ya faru? Da wataƙila ya yi maka ƙarya don ya rufa wa ɗanka asiri, amma da aikinsa yana nan. Kai ka zaɓi taro. Kana nesa, shi ya sa. Daga nesa mutane suna ne da hoto, ana iya tura su da yatsa ɗaya a koma shan shayi. Mu da ke nan mu ke haɗuwa da su a bakin titi.

Ba zan ruɗe ka in ce abin da nake nema kyauta ba ne. Tsoron Mai Firji ba na banza ba ne. An kori shari'ar, amma sunan Dogo yana kan takardar, kuma takarda idan ta fita ba ta da linzami. Tana iya tsayawa a aljihun tebur ɗin manaja, tana iya yin tafiya. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani shi ne tun da aka fara maganar nan mutum ɗaya ke ɗauke da kayan, kuma ba shi ya ɗaure su ba. Ka zaunar da Dogo ka tambaye shi, ba ta saƙo ba, ido da ido, tunda ɗaki ɗaya ke tsakaninku. Ya kai shekarun da zai ji nauyin sunansa. Sannan ka kira Mai Firji da bakinka. Kada ka fara da dogon ban-haƙuri, zai katse ka ya ce ba komai, ya tambaye ka sanyi. Ka ce masa kai uban yaron ka ce ya kai takardar. Daga bakinka kawai zai karɓa. Maganar gurup da abin da za ka faɗa wa dangi, wannan na bar ka da kunyarka, ka san inda ka zubar ka san inda za ka kwashe. Amma shugabannin asibiti ƙarshen wata za su zauna, kuma ba za su jira ka gama shawara da zuciyarka ba.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce mata uwar yara ta ga saƙonta. Ka shafa mini kan ƙananan. Dogo ka ce masa baffansa yana gaishe shi, kuma yana sauraro. Inna tana sa maka albarka kamar kullum, ba ta san rabin abin da ke cikin takardar nan ba, kada ka zama mai gaya mata. Yaya na tambaye ta ko in saka gaisuwarta, ta ce in bar wurin a buɗe tukuna.

Yau da safe na biya ta shagon a hanyar makaranta. Na tarar ya ciro mabuɗin asibitin daga cikin sauran mabuɗansa, ya ɗaura masa ɗan zare shi kaɗai, ya rataye a ƙusa kusa da ƙofa, yadda ba zai sha wahalar nema ba ranar da za a ce ya kawo. Na ce masa zan aika maka saƙo, ko yana da magana. Ya ce in gaishe ka, in tambaye ka yaya jikin, kuma yaron nan ya gama jarabawa kuwa?

Na isar. Amsar kuma kai za ka ba shi.

Wassalam.

Naka,
Yayanka, Malam